Na yabi abokiyar aikina da kalmar "enormous", tun ranar ta ja baya da ni

Wata 'yar'uwa ta rubuto mana tana cewa:

"Assalamu alaikum. Ina aiki a wata ƙungiya da duk takardunta da Turanci ake rubuta su, kuma ni ce mai haɗa rahoton sashenmu. Wanda na miƙa na baya-bayan nan, ogana ya dawo mini da shi ya zagaye wuri uku da jan biro: 'a very enormous project', da 'an enormous amount of participants', da 'the enormity of our success'. Bai ce mini ga laifinsu ba, cewa kawai ya yi in je in gyara. Na buɗe ƙamus na ga enormous na nufin babba ƙwarai, to ina matsalar take? Abin da ma ya fi ci mini rai, a wajen wani taro na miƙe zan yabi wata Baturiya da muke aiki tare, na ce 'She is an enormous woman in this organisation', nufina babbar mace ce da ake ji da ita. Sai na ga mutane suna sunkuyar da kai suna ƙunshe dariya. Ita kuwa tun ranar, in ba gaisuwa ba, ba abin da ke haɗa mu. Yanzu ko a taro tsoron buɗe baki nake ji. Shin ogana neman laifina yake yi, ko da gaske na yi kuskure? Kuma ta yaya zan gyara tsakanina da baiwar Allahn nan?"

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Maganar matar nan ita ce ba ta son jira, don haka da ita za mu fara, rahoto ya biyo baya.

A Turanci, galibi idan aka ɗora kalmar girma kai tsaye a kan man, woman, boy ko girl, jiki ake nufi. "An enormous woman" a kunnen Bature mace ce mai tsananin ƙiba, ga shi kuma a bainar jama'a kika faɗa. Ƙamus bai yi miki ƙarya ba. Abin da bai gaya miki ba shi ne, "babba" ɗinmu kaya uku yake ɗauka lokaci guda: girman jiki, girman shekaru da girman daraja. Mu idan muka ce wane babban mutum ne, ba wanda zai tsaya kallon tsayinsa ko faɗinsa. Turanci kuwa ya raba kayan nan, kowanne da kalmarsa. Muƙami senior ne, shekaru older ko elder, daraja kuma important, respected ko great. Enormous, huge da massive, in dai a kan mutum suka sauka, gangar jiki kawai suke aunawa.

Dabarar da masu harshen ke yi ita ce su ɗauke sifar daga kan mutumin su ɗora ta a kan abin da ya yi, ko abin da ake ji game da shi. "She has made an enormous contribution to this organisation", wato ta ba da gudummawa mai tarin yawa. "We have enormous respect for her", muna girmama ta matuƙa. "She has been an enormous help", ta taimaka ƙwarai. Kalmar dai ita ce wadda kika yi amfani da ita, ba a canza ta ba, wurin zamanta kawai aka sauya, sai ta koma yabo. Shi ya sa za ki ji ana ce wa mawaƙi "a huge star" ko mai son ƙwallo "a huge fan" ba wanda ya ji haushi, domin star da fan matsayi ne, ba jiki ba.

Ki same ta ita kaɗai, ido da ido. Kada ki yi gyaran a wani taron, domin hakan tuna wa masu dariya ne abin da suka fara mantawa, kuma ita ce za ta sake shan kunya. Kada ki tura saƙo a zauren WhatsApp na ofis. Jimla uku sun isa: "I used the wrong word at the meeting, and I am sorry. In my language the word for big also means important and respected. I meant that you have made an enormous contribution here." Daga nan ki yi shiru ki bar ta ta amsa. Kada ki ƙara da cewa ai ba ki ce ta yi ƙiba ba, ko ai jikinta daidai yake, duk wannan ƙara jagula lamarin zai yi. Mai yiwuwa ma ta riga ta gane kuskuren harshe ne, dariyar mutanen ce ta tsaya mata a rai. In ta karɓi uzurin da sanyi-sanyi, kada ki matsa, kada kuma ki maimaita ban haƙurin washegari. Ci gaba da mu'amala yadda aka saba shi zai ƙarasa sauran.

Sai rahoto. A wuraren nan uku ogan naki yana da gaskiya, sai dai dalilan sun bambanta.

"Very enormous" ya faɗi ne saboda sifofin Turanci iri biyu ne. Akwai masu hawa-hawa, irin su big, large da small, waɗanda ake iya ƙara musu ko a rage: a bit big, very big, bigger, biggest. Akwai kuma waɗanda sun riga sun kai ƙarshen ma'auni, irin su enormous, huge, immense, tiny, freezing. Enormous ita kanta "very big" take nufi, don haka in kika sa mata very kamar kin ce very sau biyu ne. Hausa ma haka take. Ba ki cika jin an ce "makeken fili sosai" ko "zungureriyar sanda ƙwarai" ba, domin makeke da zungureriya sun riga sun cika bakinsu. Idan lallai sai kin ƙarfafa, kalmomin da ke tafiya da irin waɗannan sifofi su ne absolutely, truly, simply da really: "absolutely enormous", "truly enormous". Wannan na hira ne da jawabi. A rahoton ofis ki bar ta ita kaɗai, "an enormous project". Akwai wani ɗan tarko a nan da ke kama mutane da yawa. Quite a gaban sifa mai hawa-hawa, musamman a Turancin Ingila, ragewa take yi, "quite big" babba ne amma ba can ba. A gaban mai ƙarshen ma'auni kuwa cikawa take yi, "quite enormous" yana nufin girman ya kai maƙura. Wajen kwatance kuma, "more enormous than" ba haramun ba ne a nahawu, amma yana da nauyi a baki. Ki koma kan sifa ta yau da kullum ki ce "much larger than" ko "far bigger than".

Na biyun ba laifin enormous ba ne, laifin amount ne. Amount na abin da ba a ƙirgawa ɗaya-biyu ne: money, time, work, water, information. Number na abin da ake ƙirgawa: participants, books, complaints, people. Gwajin mai sauƙi ne, ki sa lamba a gaban sunan ki ji ko ya zauna. "40 participants" ya zauna, "40 money" bai zauna ba. Don haka "an enormous number of participants", amma "an enormous amount of work". Ki lura da aikatau ɗin da zai biyo baya: "An enormous number of participants were late", jam'i, amma "The number of participants was high", tilo. A hira za ki ji Turawa da kansu suna cewa "amount of people", sai dai editoci ba sa bari ya wuce a rubutu.

Mu a ganinmu, ko bayan gyaran, jimlar ba ta kai ta shiga rahoto ba. Mai karanta rahoto so yake ya san nawa ne. Idan mutum 400 ne suka halarta, ki rubuta 400. Ga ƙaramin taron horarwa 400 gagarumin adadi ne, ga gangamin ƙasa baki ɗaya kuwa ba komai ba ne, kuma enormous ba za ta gaya wa mai karatu wanne ne a ciki ba. In kina son ya ji girman, ki ba shi abin gwadawa: "400 participants, twice last year's figure", wato ninki biyu na bara. Mai ba da tallafi ko shugaban da ya saba karanta rahotanni, da ya ga enormous ba lamba a gefenta sai ya fara zargin ko lambar ce ba ta da daɗin faɗa.

Na ukun shi ne mai tarihi, kuma shi ne wanda ko masu harshen suke ta jayayya a kai. Enormous ta fito daga kalmar Latin enormis, wadda aka haɗa daga e, wato waje, da norma, ma'aunin da kafinta ke daidaita kusurwa da shi. Daga norma ɗin nan normal ma ta fito. Asalin ma'anar ke nan, abin da ya fita daga ƙa'ida. Lokacin da ta shiga Turanci a ƙarni na 16 ana amfani da ita har ga mugun aiki da ya wuce gona da iri. A hankali sifar ta zubar da muguntar ta riƙe girman kawai. Sunan enormity kuwa bai zubar ba. Har yau babbar ma'anarsa ita ce munin abu da girman ta'asa: "the enormity of the crime", "the enormity of the massacre". To kin ga yadda "the enormity of our success" zai sauka a kunnen wanda ya san wannan, kamar kina cewa nasarar taku ta'asa ce.

Gaskiya ne amfani da enormity da ma'anar girma zalla ya yaɗu. Barack Obama, a jawabinsa na cin zaɓe a birnin Chicago ranar 4 ga Nuwamba 2008, ya ce "the enormity of the task that lies ahead", yana nufin girman aikin da ke gaba, masu tsaurin ra'ayi kan harshe kuma suka yi ta ƙorafi. Ƙamus ɗin Merriam-Webster na Amurka ya yarda da wannan ma'ana. Amma ki dubi kalmar da ya haɗa ta da ita: task, aiki mai nauyi da ke tsorata mutum. Nan ne iyakar inda ake ɗaga mata ƙafa, wato task, problem, challenge, loss, decision, abubuwan da ke danne zuciya. A kan abin farin ciki irin success, gift ko generosity ba ta zama. Kuma tun da akwai masu karatun da ko a kan task ba sa yarda da ita, shawararmu ki ajiye ta don mugun abu kawai. Madadinta suna nan birjik: "the scale of our success", "the extent of the damage", "the magnitude of the problem", "the size of the budget". Akwai enormousness a ƙamus, amma da wuya ki ga marubucin kirki ya ɗauko ta, ta cika tsawo da nauyi.

Tun da rahoto aikinki ne na kullum, ya kamata ki san 'yan'uwan enormous, domin jerin da ƙamus ke bayarwa a matsayin masu ma'ana ɗaya yana yaudara. Ke kin san ba a cewa makekiyar sanda ko zungureren fili idan faɗi ake nufi, kin san katafare na gini ne, gagarumi na aiki ko taro, tafkekiya kuma ta fi dacewa da asara. Turanci ma kowace kalma da irin girman da take aunawa.

Huge ita ce ta kowa da kowa, tana shiga kusan ko'ina, ta fi enormous sauƙi da kusanci da hira. Enormous ta fi ta ɗan nauyi a rubutu, tana kuma son abubuwan da ba a taɓawa da hannu: pressure, cost, impact, potential, responsibility. Vast ta faɗi ce da shimfiɗa, asalinta a Latin wuri ne fayau da ba kowa. Ita ce makeke. Hamadar Sahara, mai faɗin fiye da murabba'in kilomita miliyan 9, "a vast desert" ce, teku ma haka, ana kuma aro ta ga ilmi da ƙwarewa, "vast experience", "vast knowledge". Ba a ce wa mutum ko kare ko akwati vast. Akwai jimlar da ta zama ƙa'ida, "the vast majority", mafi rinjaye da nisa, kada ki sa ta in rinjayen kashi 55 cikin 100 ne. Massive daga mass take, nauyi da kauri da cikar jiki, irin dankareren dutse ko bango ko ƙofar ƙarfe. Likitoci na amfani da ita ga abin da ya yi tsanani, "a massive heart attack", "massive bleeding". Matasan Ingila sun mayar da ita ta komai da komai, shi ya sa a rubutun ofis take ɗan yin kama da surutu in ba nauyi ko tsanani ake nufi ba. Immense asalinta abin da ba ya aunuwa, kuma ta fi kyau da abin da ke zuciya ko daraja: "immense gratitude", "immense pride", "of immense value". A wasiƙar godiya ita za ki nema.

Sauran na ado ne, sai jifa-jifa. Colossal ta samo suna daga manyan gumaka irin wanda aka gina a tsibirin Rodos na Girka, mai tsayin kusan mita 33, wanda girgizar ƙasa ta kayar wajen shekara ta 226 kafin haihuwar Annabi Isa. Yau an fi jin ta da abin takaici, "a colossal mistake", "a colossal waste of money". Gigantic daga kalmar Girkanci ta ƙato take, tushe ɗaya da giga ɗin da ke cikin gigabait na wayarki. Mammoth sunan wata giwa ce mai gashi da ta ƙare a duniya, kuma kusan kullum da task ko effort take tafiya, jan aiki ke nan. Jumbo sunan wata giwa ce ta gidan namun daji na Landan da aka sayar wa wani mai wasan nishaɗi na Amurka a 1882, yanzu ta zama kalmar talla da ta jirgin sama, ba ta rahoto ba. Humongous da ginormous kuwa na raha ne. Ginormous ta shiga ƙamus ɗin Merriam-Webster a 2007, amma shiga ƙamus bai sa ta cancanci takardar ofis ba.

Inda mai tunani da Hausa ya fi zamewa shi ne wuraren da mu muke cewa babba ko mai yawa, Turanci kuwa ba ya son kalmar girma ko ɗaya. Babban dalili "main reason" ne. Babbar hanya "main road". Babban laifi "serious offence". Babban birnin ƙasa "capital". Babban jami'i "senior officer". Ruwan sama mai yawa "heavy rain" ne, cunkoson motoci "heavy traffic", iska mai ƙarfi "strong wind", zafi ko farashi mai yawa high ne, ƙara kuma loud. Duk inda hannunki ya tafi kan enormous, ki tsaya ki tambayi kanki: girma nake nufi, ko muhimmanci, ko tsanani, ko muƙami? In ba girma ko yawa ba ne, wata kalmar ake nema.

Ƙananan abubuwa da jan biro ke yawan kamawa: "an enormous", "an immense", amma "a huge", domin da sautin baƙi take farawa. Enormous ba ta da u bayan o na farko, ba ta da e a ƙarshe. Colossal l ɗaya ce a tsakiya, s biyu. Immense m biyu. Wajen furuci, gaɓar tsakiya ake dannawa a enormous, ƙarshen kuma gajeren "mas" ne, ba "maus" irin na linzamin kwamfuta ba. In sifofi sun taru, ta girma tana gaba da ta shekaru, launi da abin da aka yi kayan da shi: "an enormous old wooden door". Bayanau ɗinsu ma kowanne da abokin tafiyarsa: "vastly different", "vastly improved", "hugely popular", "immensely grateful", "benefited enormously".

Ki canza irin ƙamus ɗin da kike dubawa. Mai ba da ma'ana a kalma ɗaya shi ya kai ki inda kike. Ki nemi na masu koyo, irin waɗanda Oxford, Longman da Cambridge ke fitarwa, suna nan kyauta a intanet, kuma idonki ya tafi kan misalan jimloli kafin ma'anar. Abin da kike nema shi ne sunayen da kalmar ke zama kusa da su. In kina shakka tsakanin jimla biyu, Google na da manhajar Ngram Viewer, inda za ki rubuta su da waƙafi a tsakani, ta nuna miki wadda ta fi yawa a littattafan da aka buga. Kafin ki miƙa kowane rahoto, ki danna Ctrl da F ki nemo very, enormous, huge da amount, ki bi su ɗaya bayan ɗaya. Enormous sau ɗaya ko biyu a rahoto guda ta isa. In ta bayyana a kowane shafi, ta daina nufin komai.

Game da ogan naki, wuri uku da ya zagaye duk kuskure ne na gaske, don haka wannan kaɗai bai isa a ce neman laifinki yake yi ba. Inda ya gaza shi ne rashin bayani, kuma sau da yawa mai yin haka kunnensa ne ya ji jimlar ba ta zauna ba, shi ma in an titsiye shi ba zai iya faɗin ƙa'idar ba. Kada ki je masa da tambayar "mene ne laifin wannan?", zai ɗauka gardama ce. Ki kai masa gyararren rahoton, ki nuna masa abin da kika sa a madadin kowanne, ki tambaye shi ko ƙungiyar tana da takardar ƙa'idojin rubutu da take bi, da kuma ko Turancin Ingila ake so ko na Amurka. In akwai takardar, ki karɓi kwafi. In babu, ki roƙe shi tsofaffin rahotanni biyu da ya gamsu da su, ki karanta ki ga sau nawa aka yi amfani da sifar girma a ciki, sau nawa kuma aka sa lamba a gurbinta.